Haƙorin Baba Ciyaman

Ku yarda ko kar ku yarda, haƙorin tsoho ɗaya ne ya riƙe kasuwar citta a Kafanchan. Marigayi Baba, ciyaman ɗin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, ba ruwansa da takarda. Hannu zai zura cikin buhu, ya ɓalli citta, ya tauna har hawaye su zubo. In ya ce "Ta yi," dilan Legas ko kwance buhun ba ya yi.

Ranar da na fara kai tawa daga Fadan Kagoma, ya tauna, ya tofar. "Ɗana, wannan citta ce ko rogo? Koma ka shanya." Kwana biyu ya hana motar ƙungiya tashi saboda ni, har tawa ta bushe.

Jiya na je ofishin ƙungiya da buhu shida. Sabon ciyaman ya miƙo mini fom, wai in zo semina. Ba dila, ba mota, citta ta fara fumfuna.

Na dawo gida na ce, "Ubangiji ya ba Baba hutawa."

Maman yara ta ce, "Shi ai ya huta. Kai tauna fom ɗin, ka gaya mana ko ya yi."