Na-Tudu Bai Amsa Ba a Maƙabarta

Yau shekara bakwai ke nan da muka rufe Isiyaku a Yelwa, kuma akwai maganar da har yanzu ban fitar ba.

Tare muka tashi a Wara, 'ya'yan masunta, benci ɗaya a firamare. Ni na ƙare a aikin koyarwa, shi ya kama rubuta littattafan barkwanci, daga baya masu fim suka riƙa biyo shi har gida. Mutum ne da ko gaisuwar mutuwa ya je sai an danne dariya.

Abin da ya ɗaga sunansa shi ne Na-Tudu, ɗan masunci mai tsoron ruwa, wanda zai kwana biyu yana zagaye a mota don kada ya shiga kwalekwale. Daga Shanga har Ngaski kowa ya gane ni ne, har tafiyata ya ba ɗan wasan da ya fito a Na-Tudu a fim. Abin da mutane ba su sani ba, shi ya sani: ina shekara tara ƙanwata Rabi ta suɓuce daga hannuna a tsakiyar tafki. Bai sa wannan a littafi ba, ya ɗauki tsoron ya bar dalilin.

Ranar jana'iza liman ya roƙi duk wanda mamaci ya ɓata wa rai ya yafe. Jama'a suka amsa, ni na sunkuyar da kai.

Yanzu guntayen fim ɗin na yawo a wayoyi, jikokina na kallo suna faɗuwa ƙasa don dariya. Jirage kuwa ba su daina kifewa da 'yan kasuwa ba. Nakan tambayi kaina, da yana raye, zai ci gaba da mai da mai tsoron ruwa abin dariya? Ina jin da ya juya alƙalaminsa kan masu lafta wa jirgi kaya, don ba mugu ba ne. Shi ya yi jinyar Innata wata uku ina wurin aiki. Wannan ma na sani, kuma shi ya fi damuna.

Jiya na je gaida matarsa, Hajiya Kulu. Na miƙe zan fita ta ce, “Malam, baban su Nana ya so ya zo wurinka, kunya ta hana shi. Ka yahe mishi?”

Na ce na yafe. Ta yi hamdala, ta share ido. Allah ya sani baki ne ya faɗa. Zuciyar ina nan ina lallashinta, ga shi ni ma shekaru sun ja.