Motar da Ba a Tura Ta

Abubuwa da yawa sun same ni a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Wasu na manta, wasu kuma ni na ga dama na manta da su. Amma ranar da na ɗauki tsofaffin matan nan zuwa gaisuwar mutuwa, ita kam ba za ni manta da ita ba har a rufe ni. Ko na so in manta ma, direbobin tasharmu ba za su bari ba.

Ni direban haya ne. Karatuna bai wuce na allo da ɗan abin da na tsinta a firamare ba, sauran duk a bakin sitiyari na koya. Motata tsohuwa ce, ta sha hannu kafin ta zo wurina, kuma kamar yawancin motocin tasharmu, batirinta ya gaji da duniya. Da safe in ka murɗa makulli sai ta yi wani nishi kamar mai jinya, ta yi shiru.

Saboda haka muna da wata al'ada da ba a faɗa wa fasinja. In direba yana lodi, idonsa na kan kafaɗun mutane. Dole a cikin mota a sami samari biyu ko uku masu ƙarfi, waɗanda in ta mutu a hanya za su sauko su tura. Za ka ji direba yana jan saurayi da fara'a, yana cewa ya zo ga wuri mai kyau, yaron ya ɗauka girmama shi ake yi. Akwai kuma dokoki biyu da kowa ya gada daga ubangidansa: ba a kashe mota a cikin daji, in kuma tsayawa ta zama dole, a tsaya a kan gangare. Wanda ya san hanyarmu a shekarun nan ya san dalili. 'Yan bindiga ne a dajin, a kan babura suke yawo, kuma da la'asar ta yi hanya ta zama tasu.

Ana haka wani ɗan kasuwa da ke shigo da kaya daga wajen Maraɗi ya kawo mini ɗan akwatin tayar da mota. Bai fi tafin hannu da rabi ba, baƙi, kamar fawa bank ɗin waya amma ya fi nauyi, da wayoyi biyu masu baki kamar na kada, ɗaya ja ɗaya baƙi. A gabana ya maƙala su a kan batirina, ya ce in murɗa. Motar da sai an haɗa mata gayya ta tashi bugu ɗaya. Mutumin bai cuce ni ba, ya yi mini bayani filla-filla. Ya ce duk lokacin da na yi amfani da shi in kai shi caji, ko ban taɓa shi ba ma in riƙa duba shi lokaci-lokaci. Ya ce kada in bar shi a rana, zafi ne ajalinsa. Ya nuna mini 'yan fitilun da ke gefensa, ya ce su ke faɗin abin da ya rage a cikinsa. Daga ƙarshe ya ce, “Malam, wanga abu tada batir yake yi, ba ya warkar da shi. Ka canza batirinka.” Duk na ce to. A cikin maganarsa kaf, abin da ya shiga kunnena shi ne mota ta tashi.

Cikin 'yan kwanaki na zama babban mutum a tasha. Da sassafe sai ka ga ana layi, wannan ya ce in taimaka masa, wancan ya ce nasa lodin ya cika. Ni kuwa ina tafe a hankali da akwati a hannu kamar likita mai zagaya marasa lafiya. Abu mai daraja irin wannan ai ba a ɓoye shi a ƙarƙashin kujera, don haka na yanko ɗan kafet na shimfiɗa masa a gaban mota, daidai ƙarƙashin gilashi, inda duk mai wucewa zai gan shi. Rana ma tana ganinsa, tun hantsi har yamma, kuma lokacin bazara ne. Caji kuwa sai in na tuna, don wutar gari ba a maganarta, sai an kai shagon mai sola an jira. Batirin motar ya ci gaba da lalacewa, wani farin gari ya taru a kawunansa kamar an barbaɗa kanwa. Mai gyaran wayar mota ya ce in wanke, in duba ruwansa, ko in saya sabo. Na ce masa wannan aikin waɗanda ake tura motarsu ne, tawa ta daina.

Ranar da abin ya faru, wasu tsofaffin mata suka zo tasha daga wajen Gangara, za su Isa gaisuwar wata 'yar'uwarsu da ta rasu. Sun isa su cika mota su kaɗai, kuma sun ce ba za a raba su ba. Kowace da ƙullin kayanta, babbarsu tana dogara sanda, ga tsagen Gobirci a kumatunta ya nutse cikin tamoji. Direban da ke kan layi ya dube su, ya tuna yana da ciwon kai. Na bayansa ya ce tayarsa ba iska. Kowa ya san gaskiyar maganar: babu mai turi ko ɗaya a cikinsu. Waɗannan direbobin kuwa da safen nan ni na tayar musu da motoci, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, “Inna, ku taho nan. Tawa ba a tura ta.”

Babbarsu ta dube ni, ta dubi motar, ta ce, “To, ɗan nan, Allah shi sa.” Na maƙala akwatin na tayar da motar. Na lura fitila ɗaya ce kawai ke ƙiftawa a gefensa, na lura kuma murfinsa ya ɗan tasa kamar fanke a cikin mai. Na ce a raina in mun dawo za ni kai shi caji. Na mayar da shi kan kafet ɗinsa a rana, muka kama hanya bayan azahar.

Mun yi nisa, mun shiga inda ba gida gaba ba gida baya, sai ɗayarsu da sauran ke kira Gwaggo ta ce in tsaya za ta kama ruwa. Tana da ciwon suga, ba ta iya riƙewa. Na tsaya a gindin wata bishiya, wuri shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, don inuwa na duba ba gangare ba. Na kuma kashe motar don kada mai ya ƙone a banza. Dokoki biyu aka gadar mini, na karya su a tsayuwa ɗaya, hankalina kwance.

Gwaggo ta dawo, na murɗa makulli. Motar ta yi nishinta ta yi shiru. Na yi murmushi na ce kada kowa ya damu, na ɗauko akwatin. Zafinsa ya kusa sa in yar da shi. Na buɗe bonet, na maƙala ja a wurinsa, baƙi a wurinsa, na dawo na murɗa. Wani ɗan ƙas-ƙas kawai na ji. Na sake, ko ƙas ɗin babu. Na duba gefen akwatin, fitilar nan guda ta tafi abinta. Na girgiza shi, na hura masa iska, na goge bakin wayoyin da rigata, har na sa shi a inuwa na yi masa fifita da hulata. Mutum mai furfura a gemu, a tsakiyar daji, yana yi wa roba fifita.

Babbarsu ta leƙo ta taga ta ce, “Ɗan nan, mi ya samu likitan naka?”

Na ce yana hutawa ne.

“To wa za mu jira, shi ko su?” Ta nuna daji da haɓa.

Sai lokacin na saurara. Can nesa, ta yamma da mu, ana jin ƙugin babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wanda bai zauna yankinmu ba ba zai gane abin da wannan ƙara ke nufi ba. Yana iya zama 'yan kasuwa ne ke dawowa daga Bafarawa, yana iya zama waɗanda ba a son ambato. Ba a tsayawa a tantance. Na dubi hanya gaba da baya, babu mota ko ɗaya, kowa ya riga ya wuce. Na dubi iyayen mutane cike da motata, waɗanda ni na kira su da bakina.

Na buɗe ƙofa na sa kafaɗa, hannu ɗaya a sitiyari, na fara turawa ni kaɗai. Motar ta motsa kamar taki ɗaya ta koma inda take. Ina haki sai na ji ƙofofi suna buɗewa. Babbarsu ce ta fara saukowa, ta jefa sandarta cikin mota, ta kwance mayafinta ta ɗaure a ƙugu.

Na ce, “Inna, don Allah ku koma. Ba za ku iya ba.”

Ta ce, “Shiga ka zauna. Tun ba a haifi uwarka ba muke daka muna ɗauko ruwa a tulu. Mota ce za ta gagare mu? Ku sauko, ku kama.”

Haka na shiga na zauna a kujera, ƙato da ni, na sa giya ta biyu na taka kuloci. A madubi ina ganinsu sun jeru a bayan mota, kawuna a sunkuye, ɗankwali ya zame wa wasu. Babbarsu ta ce bismillahi, suka danna. Motar ta fara gangarawa a hankali, a hankali. Tsoro ya sa na saki kuloci da wuri, ta yi tari ta cije, har na ji wata ta bugi but ɗin motar da goshi.

Babbarsu ta zagayo wajen tagata tana numfashi sama-sama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kai, ko tuƙin ma akwatin ne ke yi maka? Ka bari sai na ce ka saki.” Ban san inda ta koyi wannan ba, ban kuma tambaya ba. Ƙugin baburan ya ƙara matsowa.

Suka sake kamawa. Wannan karon ɗayarsu ta ɗauko irin waƙar da suke yi a bakin turmi, ƙasa-ƙasa, sauran suna amsawa da nishi, ƙafafunsu suka daidaita. Motar ta ɗauki gudu. Na ji muryar Inna daga baya, “Saki.” Na saki. Motar ta zabura, ta yi tari biyu, inji ya kama. Ban taɓa jin abu mai daɗin wannan hayaniyar ba. Na danne totur ina roƙon Allah kada ta mutu, su kuma suka biyo ta suna ɗingishi, wannan ta ja wannan, aka cusa Gwaggo ta ƙarshe. Ƙofa ba ta gama rufuwa ba na ba ta wuta. Har yau ban san ko su wane ne a kan baburan nan ba, kuma ba na son in sani.

Ban sassauta gudu ba sai da rufin gidajen Isa ya bayyana. Nan ne Gwaggo ta ce takalminta ɗaya yana can inda muka tsaya, ta tambaya ko za ni koma in ɗauko mata. Motar duka ta fashe da dariya, mutanen da za su gidan mutuwa. Haka ta shiga gidan da takalmi ɗaya. Babbarsu da za ta sauka ta ɗauki akwatin daga kan kujera, ta juya shi, ta latsa kumburarren cikinsa da yatsa. Ta ce, “Wanga ɗa naka kun bar shi da yunwa, kun kuma shanya shi a rana. Ko jaki anka yi wa haka ya kwanta.” Ta miƙo mini.

A Isa na kwana. Kafin in dawo Sabon Birni labari ya riga ni, don tsofaffi ba su da aikin da ya fi ba da labari a gidan gaisuwa. Ina shiga tasha, direban nan mai ciwon kai ya tare ni da fuskar tausayi ya ce kakarsa tana gida ba ta aikin komai, in ina neman ƙarin hannu. Har yau in tsohuwa ta shigo tasha sai wani ya ƙwala mini kira, wai ga fasinjata ta zo.

Akwatin bai sake tashi ba. Ɗan kasuwar ya duba shi ya ce wanda ya kumbura haka kada ma in sa shi caji, yana iya kamawa da wuta. Bai ce ai na gaya maka ba, ya dai maimaita bayaninsa na farko, kalma bayan kalma, a hankali, kamar mai magana da kurma. Na canza batir a satin. Na kuma sayi wani akwatin, shi ke wurina har yanzu, ya shekara nawa bai ba ni kunya ba. Yana cikin jakarsa a ƙarƙashin kujera inda ba mai ganinsa. In na tayar da motar wani da shi, ranar yake zuwa caji. Ina duba fitilunsa kamar yadda nake duba mai, ina wanke kawunan batir kafin su yi fari.

Abin da ranar ta koya mini ba mai zurfi ba ne. Abin da ka ajiye don ranar wahala, in ba ka kula da shi a ranar daɗi ba, tare za ku rasa mafita. Akwatin bai yi mini ƙarya ba, ya nuna mini fitila ɗaya tun a tasha, ni ne na ga dama na karanta ta yadda nake so. Yanzu ko da sabon batir da cikakken akwati, ba na kashe mota a daji, kuma a kan gangare nake tsayawa. In tsohuwa ta zo shiga motata kuwa, gidan gaba nake ba ta.