Jan Irin Goggo Kubura

Goggo Kubura ƙanwar mahaifina ce. A Gwandu aka haife ta, aure ya kai ta wani ƙauye a fadamar Kalgo. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma duk ƙauyen ita ce mai ajiyar iri. Akwai wata jar shinkafa da ta gada wajen surukarta, wadda in ruwa ya hau ita ma sai ta miƙe ta bi shi, har a yanke ta daga cikin kwalekwale. Ba ta cika buhu da yawa, surfenta kuma sai mai ƙarfin damtse. Amma ba ta nutsewa.

Kowace kaka Goggo takan tsince zangarniyar da ta fi cika, ta shanya, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Da damina ta fasa a shuka, domin irin shinkafa in ya daɗe bai ga ƙasa ba, mutuwa yake yi.

Sai ga wani shirin bunƙasa noma, da fararen motoci da huluna masu tambari. Sun zo da sabon iri gajere mai yawan amfani, ga taki, ga injin ban ruwa. Sharaɗinsu ɗaya: gonar da aka rubuta ba a sa mata irin gida, wai masu injin casa ba sa son ganin ja a cikin fari. Ɗanta Lukuman, wanda gonar ke hannunsa tun rasuwar ubansa, ya sa hannu. Ban ga laifinsa ba, mai 'ya'ya bakwai ba ya ƙin taki.

"Ka bar min ɗan gefe can bakin gulbi," in ji Goggo.

"Inna, in sunka gani, cire ni za su yi."

Ta bi maƙwabta gida-gida, ashe kowa ya sa hannu. Ta tari jami'in shirin, wani saurayi mai suna Muzzammil, ta nuna masa irin a tafin hannu. Ya yi dariya ya ce, "Mama, wannan ai sai gidan tarihi."

Shekara uku fadama ta yi kyau, tulu na nan a kusurwar ɗaki. A ta huɗu ruwan wata guda ya zubo cikin kwana uku, gulbi ya cika ya batse. Gajeren irin nan ya kwana goma a ƙarƙashin ruwa, ya ruɓe gaba ɗaya. Lukuman bai ɗauki ko kwano ɗaya ba.

Nan fa aka tara mutane ƙarƙashin rumfa, aka koya musu sabuwar kalma: sauyin yanayi. Wani mai lasifika har da cewa mata su rage sare itace. Ni wannan ne ya fi ƙona min rai. Tsohuwar da ko keke ba ta taɓa mallaka ba, ita ce ta ɓata sararin samaniya da murhunta mai duwatsu uku? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, amma ba wanda ya ambaci takardar da aka sa mutane suka dangwala wa hannu.

Bayan wata biyu Muzzammil ya dawo da sabuwar hula. Yanzu shirin nasu na neman irin gargajiya mai jure ambaliya ne, kuma kowa ya nuna masa ƙofar Goggo. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

"Kai ne na gidan tarihi?" ta ce. "To, mu gani ko shina da rai."

Ta fasa lakar, ta ɗebi tafi guda ta ƙunshe a jiƙaƙƙen tsumma. Kullum da safe takan buɗe ta duba, ta yayyafa ruwa. Ta sake jiƙa wani daga tsakiyar tulun, ta sake daga ƙasa. Kwana goma sha biyu, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba.

Na ga rahoton da suka rubuta daga baya. Layi ɗaya suka ba ta: wai manoman yankin sun yi sakaci da irinsu na gado.

Goggo ba ta iya karatu ba, ni kuma ban karanta mata ba. Ranar wata Juma'a ta surfe abin da ya rage, ta bushe tokar, ta wanke, ta dafa da man shanu, ta tara jikokinta.

"Ku ci a hankali," ta ce. "Wagga ita ta ƙarshe."