Finjalin Shayin Da Na Ture

Da za a ce in zaɓi abu guda in goge daga cikin abin da na aikata a rayuwata, ba zan yi dogon tunani ba. Finjalin shayi ne da ɗana ya miƙo mini da hannu biyu, ni kuwa na ture shi da bayan hannuna. Na rubuto muku ne domin abin ya daɗe yana cina a rai, kuma na kasa faɗarsa a gaban abokan zamana.

A lokacin ni tela ne a unguwar Nuzla, nan Jidda. A nan aka haife ni, kakana ne ya zo aikin Hajji bai koma gida ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma keken ɗinki ya rufa mini asiri, kuma na ɗauki sana'ar da girman kai. Ɗana namiji ɗaya ne, shi na sa ran zai gaji shagon. Mai shiru ne. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar da magana sai harshensa ya sarƙe ya koma Larabci, ni kuma in yi masa dariya a gaban mutane, in ce ya sake faɗa da harshen kakansa. A haka ya rage yi mini magana. Wata rana ya daina zuwa shago, sai a bakin maƙwabci na ji wai ya sami aiki a wani ƙaramin otal na 'yan Sin. Na ce masa ya wulaƙanta ni, ya bar allura da zare ya tafi wanke wa baƙi kofuna. Ya kwashe kayansa ya koma unguwar Bani Malik wurin abokansa, muka fi shekara ba mu haɗa ido ba.

Mahaifiyarsa ce ta zo mini da saƙo cewa ya kama mana ɗaki a wurin aikinsa, mu je mu huta. Na ce ba inda za ni. Ta ce to ita za ta tafi, in maƙwabta sun tambaya kuma za ta ce musu Alhaji tsoron katifa mai laushi yake ji. Na yi tsaki, amma na bi ta.

Wurin ba shi da girma. Ana shiga ta wata ƙofa mai zagaye kamar wata ɗan daren sha huɗu, sai tsakar gida da gora a tukwane, da ɗan tafki mai jajayen kifaye. Tagogin na katako ne sassaƙaƙƙe, suka tuna mini da tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda. Aka karɓi takalmanmu aka ba mu silifa masu taushi, aka miƙo mana tawul mai ɗumi mu goge hannu. A ɗaki mun tarar an shimfiɗa dadduma biyu an fuskantar da su alƙibla. Matata ta zauna a bakin tafkin tana yi wa kifi magana tana dariya kamar yarinya, rabon da in ji irin wannan dariyar tata har na manta. A zuciyata wurin ya yi mini daɗi, amma na ƙi sakin fuska, kada a ce na sauko.

Bayan la'asar aka kai mu wani zaure mai gajeren tebur, sai ga ɗana ya shigo da tire. Yana sanye da riga mai tsayayyar wuya da maɓallan ƙulli na yadi, har na kama kaina ina yaba ɗinkin. Ya gaishe mu a hankali. Ya ɗauraye ƙananan finjalai da ruwan zafi, ya jiƙa ganye a wata 'yar buta ta yumɓu, ya zubar da ruwan farko. Na ce wannan almubazzaranci ne. Ya cika finjali guda, ya zo gabana ya durƙusa gwiwa biyu, ya sunkuyar da kai, ya ɗago finjalin da hannu biyu ya miƙo mini. Akwai wasu baƙi a gefe suna kallo. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ashe haka jinina ke durƙusa wa kowane mai jaka kullum. Kunya da fushi suka rufe ni. Na ce ni ba na shan ruwan ciyawa marar sukari, na ture finjalin, shayin ya zube a hannun rigarsa. Abin da kawai ya ce shi ne to, Abuya, kamar yadda yake kirana tun yana ƙarami. Ya goge wurin, ya ɗauki tirensa ya fita.

Washegari da hantsi mai otal ɗin ya same ni a bakin tafki. Dattijo ne Musulmi ɗan ƙasar Sin, ya daɗe a Jidda, Larabcinsa irin namu ne na kasuwa. Ya kira ni ya Hajji, ya tambayi barci, ya yi mini ba'a cewa an gaya masa shayina sai cokali ya tsaya a ciki don sukari. Daga nan ya ce yana so in san cewa ma'aikatansa ba sa durƙusa wa baƙo, ko wane ne shi. A al'adarsu iyaye kaɗai ake yi wa haka, ranar da ɗa yake neman gafara ko yake son nuna godiya. Ya ce ɗana ne ya roƙe shi ya koya masa, ya daɗe yana gwadawa bayan an tashi aiki, domin ya ce akwai magana a ƙirjinsa, in ya faɗa da Hausa za a yi masa dariya, in ya faɗa da Larabci za a ce ya sake. Dattijon ya ce a wurinsu in uba ya karɓa ya kurɓa ko sau ɗaya, magana ta mutu. Na tambaye shi in uban ya ƙi fa. Ya juya yana kallon kifayen.

Na ce a kira mini ɗana, aka ce ya ɗauki hutu tun da safe. Bani Malik ba nisa, da na tari tasi da na same shi kafin azahar. Amma na ce wa kaina uba ba ya bin ɗa, gobe ma rana ce. Wannan laifin ya fi na farko, domin a karon farko ban sani ba, a na biyu kuwa na sani. Muka koma Nuzla ni da matata. Ina ta gobe, ina ta jibi, har labari ya zo cewa ya karɓi aiki a can gabashin ƙasar ya tafi.

Sai da ciwo ya kwantar da ni na bar shago, sannan na kira shi a waya. Da Larabci na roƙe shi gafara, harshen da na yi ta hana shi. Ya ce halas, wato shi ke nan, Abuya, wallahi ya wuce. Na yarda ya yafe. Yana zuwa da Sallah, ya sumbaci kaina, ya kawo mini magani. Amma ladabin da yake yi mini irin wanda ake yi wa baƙo mai daraja ne, ba ya kawo mini damuwarsa, ba ya neman shawarata. Ni na koya masa haka.

Abin da na gane a ƙarshen rayuwata shi ne ba kowane ɗa ke iya neman sulhu da baki ba, wani da abin da ya iya yake zuwa, ko da baƙon abu ne a idon ubansa. Ina roƙon iyaye 'yan'uwana, don Allah kada ku yi irin tawa. In ɗanku ya zo muku da abu a hannu, ku karɓa tukuna, tambaya ta biyo baya. In kuwa kun riga kun ture, ku tashi ku bi shi a ranar, tun yana kusa.