Sashen da Muka Baro a Funtua

Mun tashi daga Funtua da asuba, ni da abokin aikina, muka nufi Ƙarfi. Wata ƙungiyar manoman masara ce ta ba mu aikin manhajar tsara layin injin sussuka, don a daina rigimar wa ya riga wa. Ranar shugabansu ya tara jama'a su gani. In ta yi musu su karɓa, in ba ta yi ba, wahalar wata uku ta bi ruwa.

Direba ya cusa mu mu huɗu a baya, kwamfutata a cinya, buhun barkonon wata baiwar Allah a ƙafata. Har Malumfashi atishawa nake. A tasha muka sha koko da ƙosai, ƙosan kuwa ya tsuke sai ka ce ƙwayar magani. Daga nan muka hau acaɓa.

Mun tarar da manoma sun cika gindin wata bishiyar mangwaro. Na buɗe manhaja a waya, sai farin allo. Na sake, farin allo. Garin babu sabis, amma ai don haka na rubuta mata sashen da ke aiki ba intanet.

Da na duba kwamfuta na ga ɓarnar. Ashe abokin nawa ya sauya tsarin da muka ɗora manhajar a kai, bai gaya mini ba. Tsohon tsarin da kansa yake lalubo sassa, sabon kuwa sai an rubuta masa inda kowanne yake a fayil ɗin saiti. Manhajar da ke harhaɗa mana aikin ba ta ga sashen ba, ta tsallake shi shiru, har ta nuna kore wai komai lafiya. Wallahi raina ya ɓaci. Da mu biyu ne kaɗai, da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Shugaban, dattijo mai haƙuri, ya ce, "Malam, a ina kuka gwada ta?"

"A Funtua, Alhaji."

"To, a Funtua muke noma?"

Ya aika aka ɗauko tsohon littafinsu, aka ci gaba da rubuta layi da biro a gabanmu.

Muka dawo gida. Sai da na kwanta haushin ya juyo kaina: abokina ne ya sauya tsari, amma ni na ga kore na yarda. Wata uku ina yi wa mutanen Ƙarfi aiki, ban taɓa kashe datar wayata na minti ɗaya na ga abin da za su gani ba.