Sharaɗin da Ya Fitar da Ni Madina

Na yi aikin likita a Kano da Njamena da Khartum, ban taɓa ganin takardar da ke hana mutum duba mara lafiya ba sai a Madina. A wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Sultana na sa hannu cewa in na bar su, ba zan ƙara aikin likita a garin ba. Ba a rubuta har yaushe ba. Mai asibitin ya riƙe hannuna muka yi Fatiha, ni kuwa a wurina magana ta ƙare, don haka na ga iyayenmu suna ƙulla alkawari.

Da muka saɓa, na kwashe iyalina muka koma garin Yanbu. Abin da ya fi ci mini rai rabuwa da tsofaffin matan unguwar Jurf ne, 'yan Sudan da Chadi, waɗanda ba sa yarda su faɗi ciwonsu sai da Hausa. Su ne mutanena, da su nake taƙama.

Wanda ya maye gurbina jikan mahajjata ne, haifaffen Madina, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Shi ma ya saɓa da mai asibitin, sai dai shi kotun ma'aikata ya nufa. Can aka gaya masa sharaɗi irin wannan ba ya tsayawa sai an rubuta wurin da irin aikin da wa'adin, wa'adin kuma kada ya wuce shekara biyu. Bai bar Sultana ko na yini ba. Ina Yanbu labarin ya same ni, na fara shirin komawa Madina.

Da na dawo, na haɗu da ɗaya daga cikin tsofaffin nan bayan la'asar kusa da Harami. Na gaya mata zan sake zama duba marasa lafiya, ta zo. Ta yi mini barka sosai, sannan ta gyara mayafi.

“Ai likita, yaron nan ya riga ya san jikina. Hausarsa dai ba gishiri, amma yana nan.”

Ba wadda ta dawo. Yanzu ni ma shi ke duba mini sukari. Yana sumbatar goshina, yana ce mini ammi, wato baffana, bai taɓa tambayata me ya kai ni Yanbu ba. Ina zaune a layi cikin matan, ina ƙirga fuskokin da na sani.