Anti Khaulah da Na'urar Babur ɗin Alkasim

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, jim kaɗan bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Dakta Khaulah, matar Malam Sharfaddeen, a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan jinyar wata huɗu. A jami'a sun san ta da bincike a kan na'urorin rada, masu hango abu daga nesa su auna gudunsa. Mu matan unguwar Pantai Dalam kuwa, Anti muke ce mata.

Anti, da aka kawo ni garin nan ina amarya, ban san kowa ba sai mijina Alkasim da littattafan da ke cikin wayata. Ke kika fara ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwanon dambu. Ke kika koya mini hawa jirgin ƙasa, da cewa "tapau" idan ina son a ƙulle mini abinci in tafi da shi. Teburinki rabi kwanuka ne, rabi wayoyi da dalma. Kullum kika gan ni da waya sai ki ce, "Hajjo, yau wa ya mutu a littafin?"

Alkasim da babur yake zuwa makarantarsu a Bukit Jalil, kuma gudu yake kamar ana binsa. Da farko gudun nan burge ni yake, don haka jaruman littafi suke. Ranar da ya goya ni na ga kwalta tana wucewa daf da ƙafata, sha'awar ta fita daga raina. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi fushi. Amsarsa ba ta canzawa, har da ɗan "lah" ɗin da mutanen garin ke ƙarawa a magana: "Ki kwantar da hankalinki lah, na iya."

Sai ya sayo wata 'yar na'ura da ke ƙara idan ta hango abin da 'yan sanda ke auna gudu da shi. A motar abokinsa, manna ta kawai suka yi a gilashi. A babur kuwa iska ba ta bari a ji ƙararta, ga ruwan sama kusan kullum. Ya ɗauko ta zuwa wurinki, ki rufe ta daga ruwa, ki ja mata waya zuwa hular kwanonsa.

Kika jujjuya ta, kika ce, "Wato kana so ka san inda za ka rage gudu, don ka ƙure shi a sauran hanyar."

"Anti, taimako ne kawai."

"Boleh, zai yiwu. Dawo ranar Asabar."

Da ya fita na fashe da kuka, na ce ke ma kin goya masa baya. Ba ki lallashe ni ba. Cewa kika yi, "Share hawayenki, riƙe mini fitilar nan." A gabana kika cire kayan cikinta, kika sa wani ɗan allo da ke auna gudun babur ɗin kansa. Da ya haura tamanin, za ta yi ta ƙara a kunnensa har sai ya sassauta.

Sati bai cika ba Alkasim ya fara dawowa yana mita. "Garin nan ko'ina tarko! Ko'ina!" Ni kuwa sai in shige kicin in toshe bakina don kada ya ji dariyata. Wata goma sha huɗu ke nan yana dawo mini lafiya.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe ke tana cinki. Ranar Juma'ar ƙarshe da na zo duba ki, kika kama hannuna, muryarki da kyar take fita.

"Hajjo, amana Alkasim ya ba ni, na mayar masa da abin da ba shi ya kawo ba. Niyyata alheri ce, amma yaudara sunanta yaudara. Ki gaya masa. Ki roƙa mini gafararsa."

Na ce, "Anti, idan ya sani zai cire ta. Gudun zai koma."

"Ransa a hannun Allah yake. Ni dai kada in tafi da hakkinsa."

Ban iya ba, Anti. Na ce sai kin warke mu faɗa masa tare. Kwana huɗu ina jan ƙafa, har aka kira mu ranar Talata.

Da ya dawo daga maƙabarta, jar ƙasa a takalminsa, na tare shi a bakin ƙofa na faɗa masa komai. Ya zauna a ƙasa.

"Wato duk wannan lokacin babu 'yan sanda?"

"Babu."

"Anti ce kawai?"

"Ita ce."

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ya ce, "Na yafe mata duniya da lahira. Ni ne ma ya kamata in nemi yafiyarta." Da safe na leƙa ta taga ina kallonsa. Ya sa hularsa, ya laluba wayar na'urar nan, ya jona ta, sannan ya tayar da babur.

Anti, na isar da saƙonki a makare, ke ma ki yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Sharfaddeen, da 'ya'yanki Abdallah da Aishatu, da mahaifiyarki da danginki na gida waɗanda ba su samu ganin gawarki ba. Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Ya Allah, baiwarKa Khaulah ta zo maKa daga ƙasar da ba tata ba, Ka karɓi baƙuncinta. Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata shi, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Wanda ta ji tsoron hakkinsa ya yafe mata, Kai ma Ka yafe mata, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Amin.